Hoton Abin da Ruwa Ya Ci

Mai acaɓa ya sauke ni a bayan Roni,
hantsi bai gama ɗagawa ba,
kyamara rataye a wuyana kamar laya,
takalmi ya cika da tsakuwa.
An ce mini, bi ta gindin ɗorawa,
in hanya ta yanke ba sallama, ka iso.

Haka kuwa aka yi.
Ƙasa ta wage baki,
zurfin gaba biyar, ko da ɗoriya.

Sama-sama ƙasar noma, kaurin tafi ɗaya.
Ƙarƙashinta marmara, ja kamar haƙoran mai cin goro,
sai rawaya, irin ta garin ɗorawa,
sai wani zare mai ruwan toka ya ratsa,
can ƙasa kuma fari fat, kindirmon da ba a dama ba.
Babu maginin da ya jera su.
Ruwa ne yake zuwa da wuƙarsa duk damina,
yana fere tudun nan kamar kabewa.

A tsakiya wani ginshiƙi ya tsaya shi kaɗai,
da hular ciyawa a ka,
saiwar aduwa tana reto daga haƙarƙarinsa,
tana laluben ƙasar da ta sani, ba ta samu ba.

Na kwanta rub da ciki a bakin gaɓa,
na jira inuwa ta janye daga jan bango.
Jira shi ne rabin sana'ata.
Da rana ta taɓa shi, sai ya kama kamar garwashi.
Ƙyas. Ƙyas. Na riƙe numfashi. Ƙyas.

"Ɗan nan, me ka gani?"
Daga can ƙasa muryar ta taso.
Dela ce, mai haƙar farar ƙasa,
da dagi da tsohon kwano,
hannuwanta fari har gwiwa.
Na ce, "Kyau na gani, Iya."
Ta yi dariya har ta dafa ƙugu.

Ta hauro ta wata 'yar tsaga, ba ta ko haki,
ta miƙa yatsa tsakiyar sarari,
inda wata shirwa ke shawagi.
"Ka ga can? Gonar Cindo ce. Dami arba'in take yi.
Daga dama rijiya, ruwanta kamar na randa.
Gaba kaɗan kushewar babanmu,
bara waccan muka kwashe shi a tabarma
kafin ruwan Agusta ya riga mu.
In ɗauka za ka yi, ɗauki wannan."

Na duba. Iska ce kawai.

Na juya mata gilashin, na nuna mata nawa.
Ta goge hannu a zane, ta ƙura ido,
ta daɗe ba ta ce uffan ba.
"Ashe ɓarawon nan kyakkyawa ne," in ji ta.
"Ya ci gona, ya tona mini farar ƙasa.
Da ita nake sayen gishiri ran kasuwa.
Ban yafe masa ba.
Amma kullum da safe gare shi nake zuwa."

Sai na ɗaga kyamara, na saita ta a kan babu,
na danna sau ɗaya.

Yanzu a shagona da ke Kazaure,
inda nake ɗaukar fasfo da 'yan makaranta,
masu shigowa jajayen suke tsayawa kallo.
Wani ya ce wannan ai ba ƙasarmu ba ce.
Wancan guda, na saman tebur,
ba mai tambayarsa:
sarari, shirwa ɗaya,
da farin shatin ɗan yatsa a gefe
da na hana yarona gogewa.

Baɗi zan koma, in da rai.
Na san gaɓar da na kwanta a kai
ita ma ta bi gonar Cindo,
sai dai in tsaya taku uku baya,
in nemi inda gwiwata ta taɓa zama
a cikin iska.